Kwaɗin Tawa da Fitilar Kalifoniya: Tsakanin Iya Na'ura da Iya Labari

Duk sa'ad da sabuwar na'ura ta shigo wata sana'ar nishaɗi, waɗanda suka fara sa mata hannu sukan ɗauka cewa iya sarrafa ta shi ne sana'ar gaba ɗaya. Haka ta faru da masu katun na kwamfuta a Amurka daga 1970 zuwa 1995, haka ta faru da masu fim ɗin bidiyo a Kano bayan 1990, kuma ga dukkan alamu za ta sake faruwa da samarin da yau suke haɗa zane mai motsi a wayoyinsu, daga cikin birni har garuruwa irin su Saji da Rano da Kibiya. Idan aka tayar da zancen, akan rabu gida biyu. Wasu su ce ƙwarewa da kayan aiki su ne komai, wasu su ce labari ne komai, na'ura baiwa ce kawai. A ganina wannan rabo bai dace da abin da tarihin sana'ar ya nuna ba. Waɗanda aikinsu ya rayu mutane ne da suka san iyakar abin da ke hannunsu ciki da waje, sannan suka zaɓi labarin da wannan iyaka za ta yi wa ado maimakon ta tona masa asiri. A wannan zaɓi ne fasaha take, kuma ba ya yiwuwa sai ga wanda ya haɗa sanin na'ura da sanin zuciyar mai kallo.

Sai an san nauyin aikin kafin a gane dalilin da ya sa na'ura ke ruɗar masu yinsa. Ido yana ganin motsi ne idan aka jera masa hotuna masu ɗan bambanci da juna aka wuce da su da sauri, kuma a silima hoto 24 ake wucewa da su cikin daƙiƙa ɗaya. Ke nan minti ɗaya yana cin hoto 1,440, fim na minti biyar kuma 7,200. Mai ɗaukar 'yan wasa kyamara ce ke tara masa waɗannan hotuna. Mai katun kuwa shi zai samar da su ɗaya bayan ɗaya, ko da alƙalami, ko ta hanyar gusa 'yar tsana kaɗan-kaɗan yana ɗauka, ko da lissafin kwamfuta. Ko ya yi dabarar da masu sana'ar suka saba da ita, ta nuna kowane zane sau biyu, dubbai ne ke jiransa. Saboda wannan wahala, duk wanda ya zo da abin da zai rage ta sai a riƙa kallonsa kamar ya gama komai. Alhali cika hotuna dubu bakwai bai amsa tambayar da mai kallo ke yi a ransa ba, wato me zai sa ya zauna har ƙarshe.

Wanda ya fi kusa da mu a cikin magabatan wannan sana'a ɗan Nijar ne, Mustafa Alasan, wanda a Faransanci ake rubuta sunansa Moustapha Alassane. An haife shi a 1942 a N'Dounga, kusa da Yamai, kuma kanikanci ya fara yi kafin fim. Tun yana yaro yake tara mutane yana nuna musu wasan inuwa da fitila da zanen hannunsa. Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fina-finan al'adu, shi ya ja shi a jiki a cibiyar bincike ta Yamai, daga nan hanya ta buɗe masa zuwa Kanada, inda ya koyi aiki a hukumar fina-finai ta ƙasar a wajen Norman McLaren, gwanin da ya shahara da yin zane kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba. A 1965 Alasan ya fitar da La Mort de Gandji, wanda ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekara ta 1966 kuma ya fitar da Bon Voyage Sim, fim ɗin da ya fi kowane nuna yadda hankalinsa ke aiki.

Fim ɗin minti biyar ne kacal. Baƙin layi ne a kan farin fili, ba launi, ba ƙawar bango, ba wani abin da zai sa mai son na'ura ya riƙe baki. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne da aka gayyata ziyarar aiki a wata ƙasa. Sai ka ga rakiya zuwa jirgi, ka ga tarba, ka ga fareti da duk wani tsarin girmamawa da sababbin shugabannin Afirka na wancan zamani suka gada daga Turawa, amma kwaɗi ne masu tumbi da ƙwala-ƙwalan idanu ke yi, kowa ya ɗaure fuska kamar duniya a kansa take. Me ya sa kwaɗo? Kwaɗo dunƙulallen ciki ne da ido biyu da faffaɗan baki da siraran ƙafafu, wanda mutum ɗaya zai iya zanawa sau dubu ba tare da taron mataimaka ba. Kwaɗo kuma yana kumbura, don haka siffarsa ta riga ta faɗi rabin abin da ake son faɗi game da mai mulkin da ya cika ya batse. Sannan babu hukumar da za ta iya cewa da ita ake ba tare da ta yarda cewa ita ce kwaɗon ba, dabarar da tatsuniya ta daɗe tana yi da Zaki da Kura da Gizo. Zaɓi ɗaya ya warware matsalar ƙarancin hannu, ya ƙara ma'ana, ya kuma kare mai zanen. Alasan bai sauka daga wannan hanya ba. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, daga baya ya yi Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye ke kokawar gargajiya a fage. Ya zauna a Tawa, a ƙasar Adar, ya mai da wasu ɗakunan otal ɗinsa wurin aiki, kuma da kwamfuta ta iso ya karɓe ta a matsayin wani sabon alƙalami. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015, kuma a 2017 gidan adana fasahar zamani na New York ya shirya nunin fina-finansa.

A shekarun da Alasan ke zana kwaɗinsa, wasu mutane a jami'o'in Amurka suna koya wa kwamfuta zane. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna manhajar Sketchpad, wadda ta ba mutum damar zana layi a fuskar kwamfuta. A 1972 Ed Catmull, ɗalibi a Jami'ar Utah, ya yi gunkin hannunsa na hagu da farar ƙasa, ya zazzana masa ƙananan kusurwoyi ɗaruruwa, ya auna kowace ya shigar da lissafin, har hannu ya bayyana a allo yana buɗewa yana rufewa. Babu labari a ciki, ba a kuma nemi ya kasance da shi ba, gwaji ne na masana. Matsala ta taso ne da aka ɗauka cewa tara irin waɗannan masana da na'urori zai haifi fim da kansa. A 1974 Alexander Schure, attajirin da ya kafa kwalejin fasaha ta New York, ya buɗe ɗakin binciken zanen kwamfuta, ya zuba kuɗi ba ƙaƙƙautawa, ya ɗauko Catmull da Alvy Ray Smith da wasu zaƙaƙurai. Shi kansa Schure ya jagoranci wani katun na hannu, Tubby the Tuba, wanda da masanan suka kalla suka gane cewa gidan cike yake da injiniyoyi amma babu wanda ya iya ba da labari. Catmull ya bar wurin a 1979 ya koma kamfanin George Lucas. Waɗanda suka rage suka shafe shekaru a kan wani fim mai suna The Works, wanda aka so ya zama dogon fim na farko da kwamfuta ta zana, amma har yau ba a kammala shi ba.

A daidai wannan lokaci, a hukumar nan ta Kanada da ta horar da Alasan, wani mai zane haifaffen Hangari, Peter Foldes, ya samu wata manhaja da injiniyoyin majalisar bincike ta ƙasar suka ƙera. Abu guda ta iya sosai: ka ba ta zane biyu, ta cike tsakaninsu, na farko ya narke ya rikiɗe ya zama na biyu. Da wani ne da ya yi ta kokawa da ita don ta yi tafiya da gudu irin na Disney, ta kuma kunyata shi. Foldes sai ya nemi labarin da rikiɗa ce zuciyarsa. Fim ɗinsa na 1974, La Faim, wato yunwa, labarin wani mai haɗama ne da ke ci yana kumbura, jikinsa yana sauya kama, har ya faɗa hannun mayunwata. Narkewar layin da ke zama aibi a wani fim, a nan ita ce ma'anar. Ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes, aka kuma sa shi cikin 'yan takarar Oscar, a lokacin da masu na'urorin da suka fi nasa tsada ba su da abin nunawa sai gwaje-gwaje.

Labarin Pixar, wanda aka fi sani, a kan wannan turba yake. A 1982 Disney ta fitar da Tron, wanda hotunansa na kwamfuta suka ba mutane mamaki amma labarinsa bai kama zukata ba, kasuwarsa ma ba ta kai yadda aka sa rai ba. Wani matashin mai zane a kamfanin, John Lasseter, wanda tsofaffin gwanayen Disney suka koyar, ya ga abin da na'urar za ta iya, ya matsa a gwada, har hakan ya jawo masa sallama. Catmull ya ɗauke shi, kuma a 1986 Steve Jobs ya sayi sashen da suke aiki daga hannun Lucas aka sa masa suna Pixar. Kwamfutar wancan lokaci ta iya ƙarfe da roba da abubuwa masu santsi da kusurwa, ba ta iya fatar mutum da gashi da tufafi ba. Lasseter sai ya ɗauki fitilar teburinsa ya mai da ita ɗan wasa. A cikin Luxo Jr., fim na minti biyu, babbar fitila tana tsaye sai ƙwallo ta gangaro. Ƙaramar fitila ta biyo ta da tsalle, ta yi ta wasa da ita, ta haye kanta tana dira har ƙwallon ta sace. Ƙaramar ta sunkuyar da kai ta fita a sanyaye. Can sai ga ta ta dawo a guje tana bin wata ƙatuwar ƙwallo da ta ninka ta farko, babbar ta dubi masu kallo ta girgiza kai. Babu ido, babu baki, babu magana ko ɗaya. Saurin motsi da jinkirinsa da ɗan tsayawa kafin tsalle su suka sa ƙarfe ya zama yaro. Fitila kuma ita ce abin da ya fi dacewa a nuna sabuwar dabarar haske da inuwa da injiniyoyin suka ƙirƙiro. Da aka nuna shi a taron masana zanen kwamfuta a Dallas a 1986, Jim Blinn, ɗaya daga cikin manyan masanan fannin, ya zo wajen Lasseter da tambaya, kuma tambayar ba ta lissafi ba ce: so yake ya ji ko babbar fitilar uwa ce ko uba.

Darasin ya ƙara fitowa fili a Tin Toy na 1988, wanda ya zama fim ɗin kwamfuta na farko da ya ci Oscar. Ɗan wasan gwangwanin da ke ciki ya fito da kyau, amma jaririn da ke binsa ya fito da siffa mai ban tsoro, domin na'urar ba ta kai ga fatar ɗan Adam ba. Saboda haka da suka tashi yin dogon fim, suka sa kayan wasan yara na roba su zama taurari, mutane kuma suka koma gefe. Duk da wannan hikima, fim ɗin, wato Toy Story, ya kusa mutuwa a watan Nuwamba na 1993, kuma ba kwamfuta ce ta kusa kashe shi ba. An nuna wa shugabannin Disney daftarin labarin, aka ga tauraron, Woody, ya zama mugu mai baƙar magana wanda ba mai kallon da zai so shi. Aka dakatar da aikin, marubuta suka koma suka sake gina halinsa, sannan aka ci gaba. Fim ɗin ya fito a Nuwamban 1995 da hotuna 114,240, an kashe masa kimanin dala miliyan 30, ya kuma tara sama da miliyan 350 a duniya.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Rano. Labarin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba, kuma karofi launi ɗaya tak yake bayarwa. Marinan ƙasar nan ba su zauna suna kukan rashin ja da kore ba. Sun bi wannan launi guda har ƙarshen zurfinsa, a tsoma a shanya a sake tsomawa, sannan mabuga su bi shi da shuni da bugu har ya ɗauki ƙyalli, kuma da haka turkuɗin Kura ya ratsa Sahara ya zama abin alfaharin Buzaye. Abin da Alasan da Foldes da Lasseter suka yi ke nan da kayan aikinsu.

Kano ta bi wannan hanya ta ga daɗinta, ta kuma kauce mata ta ga illar kaucewa. Wasannin talabijin irin su Samanja sun riƙe jama'a da kakin soja da ɗaki ɗaya da iya magana. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kyamarar bidiyo ce ta kaset irin ta ɗaukar biki, hoto dishi-dishi, sauti yana amsa-kuwwa. Abin da ya ɗauki nauyin finafinan farko shi ne labari, da yawansu kuma daga littattafan da mutane suka riga suka so aka ɗauko su, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Kyamarar ba ta iya yaƙi da taron dawaki ba, amma ta iya tsakar gida da zaure da fuskar mai kuka, labaran kuma na tsakar gida ne, sai aka yi daidai ruwa daidai tsaki. Sannan fiyanon Yamaha ya shigo ɗakunan kiɗa irin na Iyan-Tama, mutum ɗaya ya iya fitar da sautin da a da sai an tara makaɗa. Sangaya na 1999 ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba, waƙarsa ta cika gari, kuma kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna a bincikensa, daga nan waƙa ta zama ita ce ke sayar da fim. Aka kai matsayin da za a fara buga waƙa, a yi talla da ita, sannan a nemo labarin da za a rataya ta a kai. Da kwamfutar tace hoto ta yawaita kuma, aka shiga yayin siddabaru: boka ya ɓace fat, wuta ta fito daga tafin hannu, aljani ya ratsa bango. Wannan ne kusancin farko da fim ɗin Hausa ya yi da zanen kwamfuta, kuma sau da yawa dabarar ce aka fara samu kafin a ƙago dalilin saka ta. Yau waɗannan wurare dariya suke ba yara, alhali ana nan ana neman tsofaffin wasannin Samanja. Da masana'antar ta sake samun gindin zama ta hanyar shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na Arewa24 da Labarina na Aminu Saira, halayen mutanen ciki ne suka sa ake jiran kowane mako.

Mai ja da wannan magana zai fara da cewa an tauye wa injiniya haƙƙinsa. Ba don shekarun da Catmull da abokansa suka yi suna warware lissafin haske da zurfi da launi ba, da Lasseter bai sami fitilar da zai motsa ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta rushe hujjar ba, ƙarfafa ta ta yi. Sanin iyakar na'ura shi kansa ƙwarewa ce mai zurfi, domin wanda bai san inda kayan aikinsa ke gazawa ba ba zai iya kauce wa wurin ba. Alasan kanike ne kafin ya zama mai fim. Lasseter kuma a 1987 takarda ya gabatar wa masana kwamfuta a kan ƙa'idojin motsi da tsofaffin masu zanen Disney suka gano, irin su yadda jiki ke lotsawa ya miƙe da yadda ake ɗan ja da baya kafin a zabura, waɗanda horo ne mai tsanani kamar kowane lissafi. Bambancin kwalejin New York da Pixar shi ne, a ta farko injiniyoyi su kaɗai ne a ɗaki, a ta biyu kuwa an zaunar da su da mai labari, kowa yana jin abin da ɗan'uwansa ke iyawa da abin da ya gagare shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zai ƙara da cewa kasuwa ba ta san wannan falsafa ba, mutane abin mamaki suke biya su gani, shi ya sa Sangaya ya sayu, shi ya sa Jurassic Park ya cika silima a 1993. Amsar ita ce mamaki sau ɗaya ake sayar da shi. Wanda ya fara kawo shi ya kwashi riba, na goma da ya kwaikwaya ya tarar ido ya saba. Kuma waɗanda ake kafa hujja da su ba mamaki kaɗai suka ɗauka ba. Sangaya yana da labarin ɗan sarauta da yarinyar da ke hidima a gidansu, wanda ke taɓa wani abu da kowa ya sani game da so da bambancin matsayi, kuma masu kwaikwayonsa waƙar suka ɗauka suka bar wannan. Inda aka dogara da na'ura zalla, sakamakon a bayyane yake. Final Fantasy: The Spirits Within na 2001 ya zana mutane da kwamfuta har da silin gashi da ƙofofin fata, an kashe masa kimanin dala miliyan 137, bai mayar da ko miliyan 90 ba, kuma ɗakin aikin da ya yi shi rufewa ya yi.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma bai kamata a yi mata gaggawa ba. Za a ce fifita labari lallashin kai ne na wanda ba shi da kuɗi. Yaron da ke kallon katun ɗin Amurka da Japan a wayar yayansa a Kibiya ba zai yafe wa katun ɗin Hausa muninsa don kishin harshe ba, kuma shi kansa Alasan an fi kallon fina-finansa a Faris da New York fiye da Tawa da Kano. Akwai gaskiya mai ɗaci a nan. Sai dai abin da ya hana fina-finan Alasan isa gida matsalar rarrabawa ce ta zamanin zaren fim, lokacin da silimomin yankin ke cike da finafinan Indiya da na kaboyi, kuma waya da YouTube da shagunan tura fim sun rage wannan shinge ƙwarai. Sannan akwai bambanci tsakanin zane mai sauƙi da zane na ganganci. Kirikou na Michel Ocelot, wanda ya fito a 1998 da kiɗan Youssou N'Dour, zane ne shimfiɗaɗɗe da aka gina a kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, kuma ya tara masu kallo sama da miliyan ɗaya a Faransa a zamanin da Disney da Pixar ke tashe. Bino and Fino na Adamu Waziri, wanda aka fara a Abuja, da sauƙin zane ya sami iyaye a ƙasashe da dama. Yaro yana karɓar zane mai sauƙi idan sauti ya fita tsaf, motsi ya faɗi a kan lokaci, kuma yana son ya san abin da zai faru. Abin da ba ya yafewa shi ne aikin da ya yi ƙoƙarin zama abin da ya fi ƙarfinsa ya gaza.

Wannan ne ya sa tarihin ya shafi saurayin da ke Saji ko Rano yau, mai waya ko tsohuwar kwamfuta da manhajar kyauta. Kayan aikinsa sun iya siffofi shimfiɗaɗɗu, da dabbobi, da mutum biyu ko uku suna magana. Ba su iya hawan daba da ɗaruruwan dawaki ba, ba su iya yadda babbar riga ke kaɗawa ba. Idan ya ce da yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina zai fara, ya kama hanyar The Works. Abin da yake da shi wanda ya fi na kowa shi ne murya da tarin labari: tsamin bakin Gizo, haƙurin Ƙoƙi, wautar Kura, wasannin tashe, da al'adar wasan kwaikwayon rediyo da ta koya wa Hausawa gane hali daga lafazi. An tattara tatsuniyoyin tun daga kundin Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 har zuwa littattafan Ibrahim Yaro Yahaya. Amma tatsuniya ba rubutaccen fim ba ce. Sai an zauna an yanke abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji, an san inda za a yi shiru da inda dariya za ta faɗo, kuma wannan aiki ne da ake koyo da gumi kamar yadda ake koyon manhaja. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke ba kowa hoto mai sheƙi cikin daƙiƙa, sheƙi ya daina bambanta gwani da ɗan koyo, tunda abin da kowa ke samu kyauta ba ya ɗaga darajar kowa. Abin da ya rage a hannun mutum shi ne hukunci: wane labari, da wace siffa, a cikin minti nawa. Don haka makarantu da masu zuba jari da ke son katun ɗin Hausa ya tsaya da ƙafarsa kada su tsaya ga sayen kwamfutoci. Su haɗa mai na'ura da marubuci da mai murya tun ranar farko, su fara da fim na minti uku da za a gama shi da kyau, kuma duk inda dabara ta yi karo da labari, a bar wa labari magana ta ƙarshe bayan an saurari abin da mai na'ura ya ce zai yiwu.